Yelwa Mai Faifai ta Achika

Yelwa mai faifai ta rasu a Achika ranar wata Talata cikin watan Agusta na 1981, ana tsakiyar damina. Labarin bai iso ni a Wudil ba sai ranar Juma'a, daga bakin wani mai kawo gero kasuwa. Ba danginmu ba ce, kuma sau huɗu kacal na zauna da ita. Ina rubuta abin da na sani game da ita ne saboda aikin da ta yi tare da 'yata Rabi'atu, da kuma kuskuren da ta hana ni in aika jami'a da sunan yarinyar bayan ta rasu.

An haifi Yelwa a shekarar da ta biyo bayan yunwar Kakalaba, da gonaki suka yi kyau har rumbuna suka cika, shi ya sa aka sa mata wannan suna. A lissafina 1915 ke nan. Kakarta ce ta koya mata saƙar faifai tun ba ta fi shekara bakwai ba: yadda ake tsaga kaba, a rina ta, a naɗa ta a jikin ciyawa da basilla, a fara daga cibiya ana zagayawa har a kai baki. Ta auri wani manomi mai suna Sabo, suka zauna shekara talatin da wani abu har ya rasu. Ta haifi tara, uku suka rayu. An yi lokacin da matan gari ke kiranta mai wabi a bayan idonta, don ta binne huɗu a jere.

Faifai ne ya riƙe ta bayan rasuwar Sabo. Duk Juma'a takan ɗauro kayanta zuwa kasuwar Wudil, ta zauna kusa da masu ƙwarya. A da babu amaryar da za a yi wa jere ba tare da fayafayai ba. Da kuɗin mai suka shigo, sai kwanoni masu murfi da robobi suka cika kasuwa, aka daina tsayawa a gabanta. Ta ci gaba da zuwa duk da haka. Takan ce wa duk wanda ya tsaya, murfin roba ba ya numfashi, tuwo gumi yake yi a ƙarƙashinsa.

Rabi'atu ce 'yata ta fari. Kamar yadda aka saba, yayata ce ta riƙe ta har ta isa shiga makaranta, sannan ta dawo gidana. Ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Tana ƙarama nakan ce "ke", da ta shiga jami'a a 1975 na koma ce mata Malama. Mahaifiyarta, Hafsatu, ta fi ni ma: ko ido ba ta cika haɗawa da ita ba in da baƙi. Ni sufeton makarantu ne a lokacin, kuma lissafi na karanta a jami'a, amma wannan bai canza komai a cikin gida ba.

Nazarin zamantakewa take karantawa. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowa ya yi bincike ya rubuta kundi, ita kuma ta zaɓi mace-macen ƙananan yara a ƙauyukanmu. Malamin da ke duba aikinta, Dokta Halliru, ya taimaka mata suka tsara takarda mai tambaya talatin da biyu. Ta farko ita ce: 'ya'ya nawa kika haifa? Ta biyu: nawa ne suka rasu?

Mako biyu ta yi tana shiga gida-gida a Achika. Matan suka karɓe ta da fura, suka yaba zanenta, suka tambayi lafiyar mutanen Wudil. In ta zo kan tambayar farko sai su ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya ba mu." In ta zo ta biyu sai su tuna sun bar tukunya a wuta.

A haka ta faɗa gidan Yelwa. Ban je wurin ba. A tsakar gida na ji tana ba ƙannenta labari, tana kwaikwayon muryar tsohuwar, ni ina zaure ina duba rahoto.

Yelwa ta dubi takardar ta ce, "Ke 'yar boko, jangali aka aiko ki karɓa?"

"A'a, Inna."

"To shanu ake ƙirgawa. Su ma in an zo ƙirgar, Fulani daji suke kora su."

"Inna, so nake a san yawan yaran da muke rasawa, ko Allah ya sa a kawo asibiti kusa."

"Uwarki ta taɓa gaya miki ku nawa ta haifa?"

Rabi'atu ta ce ba ta taɓa ba.

"To je ki fara da ita. In ta amsa miki, ki dawo in amsa."

Maimakon ta tafi, sai ta naɗe takardar ta zauna, ta ce a koya mata saƙa. Kwana uku tana zuwa. Yelwa ta ɗaga abin da ta saƙa ta nuna wa matan gidan ta ce, "Ku zo ku ga hannun alƙalami. Wannan faifan ko kaza aka ba ta sai ta yi ƙara wajen dagaci."

A rana ta uku ne Rabi'atu ta lura da wani tsohon faifai rataye a bangon ɗakin, hayaƙi ya dafa shi. Adonsa bai bi ƙa'ida ba: ja a nan, kore a can, wasu layukan sun zagaye, wasu sun tsaya a rabi, da baƙi a ƙarshensu. Ta ce, "Inna, wannan fa? Ko ke ma kin taɓa zama mai koyo?"

Yelwa ta ce ta saƙa shi ne a shekarar da ta binne na shida. Ja mace ce, kore namiji. Wanda aka rufe da baƙi ya koma. Wanda ya tsaya a rabi bai kai yaye ba. Ta ce, "Baki ne ke jin nauyi. Hannu ba ruwansa."

Daga nan binciken ya sauya. Rabi'atu ta sayo kaba da galura, Yelwa ta bi gidaje da kanta tana gayyato mata. Ba a tambayi kowa adadi ba, ba a ce kowa ta ambaci suna ba. An dai ce kowace ta saƙa nata irin na Yelwa. Mata arba'in da uku suka shiga. Tun daga kaka har cikin bazara sukan taru a tsakar gidan Yelwa bayan azahar. Rabi'atu ta ce in hannu yana aiki, ido yana kan basilla, sai magana ta riƙa fitowa da kanta. Wata za ta kai kan baƙi ta ce, "Wannan ƙyanda ce, shekarar da rijiya ta ƙafe." Wata ta ce, "Nawa gudawa, kwana biyu." Da izininsu take rubutawa a wani littafi mai baƙin bango da ba ta rabuwa da shi.

Ni ban yarda da abin ba, kuma na faɗa mata. Na ce, "Malama, wannan bincike ne ko koyon sana'a? Jami'a lambobi take so."

Ta ce, "Baba, takarda sittin na cike, amsa ɗaya na samo: alhamdu lillahi. Wace lamba zan fitar daga ciki?"

Dokta Halliru ma ya yi jinkiri, daga baya ya amince da sharaɗi: dole abin da ke jikin fayafayan ya koma jadawali da lambobi, wanda kowane malami zai iya dubawa ya tabbatar.

Ranar Juma'a, 17 ga Maris 1978, ta tafi Kano da safe don ta nuna masa littafin nan mai baƙin bango. Ta ce wa mahaifiyarta ta gano wani abu da zai sa ta sake babi na huɗu. A hanyar dawowa, kafin a iso gadar Wudil, motar hayar da ta shiga ta haɗu da tirelar siminti. Mutum shida suka rasu. Mun binne ta kafin magariba. Ba a ga littafin ba.

Bayan sadakar arba'in wasiƙa ta zo daga Dokta Halliru. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce ranar da ta je ba ta same shi ba, ya fita taro. Ya ce kwamitin sashe zai zauna a ƙarshen Yuni. In aka kawo jadawalin da ya rage, cikakke kuma daidai, za a karɓi kundin a ajiye shi da sunanta, a rubuta ta cikin waɗanda suka kammala. In ba a kawo ba, babu abin da zai iya yi.

Abin da ta bari a ɗakinta shi ne babi uku da ta riga ta buga da tafireta, da buhu biyu na fayafayai, kowanne da lamba a ɗaure. Babi na uku ya bayyana launukan dalla-dalla. Na ɗauki hutu, na shimfiɗa tabarma a zaure, na fara ƙirga. Na samu haihuwa ɗari biyu da hamsin da ɗaya, waɗanda suka rasu ɗari da huɗu. Na maimaita sau uku, lissafin bai canza ba. Na zana jadawalin da rula, na ji a raina ko ba komai na yi mata abu ɗaya da na iya.

Saura a ɗaure fayafayan a kai su tare da kundin. Da nake jera su sai na ga goma sha bakwai daga ciki suna da wani silin kaba a baya, daidai cibiya, tsawon ɗan yatsa, yana reto. Sauran ashirin da shida an yanke nasu ƙal. Na ɗauka sakaci ne na masu saƙa. Ban so malaman jami'a su ga aikinta da ƙazanta ba. Na aika aka kawo mini almakashi.

Na yanke na farko, na yanke na biyu, na yanke na uku. Sai na ji Hafsatu a bakin ƙofar zaure, wurin da ba ta saba tsayawa ba.

Ta ce, "Malam, ajiye almakashin nan."

"Gyarawa nake yi."

"Ajiye. Ka je Achika tukuna."

Na tambaye ta dalili. Ta gyara mayafinta ta koma ciki.

Washegari da hantsi na ɗaura buhunan a bayan babur na tafi. Na sami Yelwa a gindin wata bishiyar maina a ƙofar gida, tana tsaga kaba da farce. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta ɗaya ya fara yana. Ta zo ta'aziyya Wudil a ƙafa ranar uku, amma a cikin mata ta zauna, ban gan ta ba. Muka gaisa. Ta tambayi gida, da iyali, da zafi, da hanya, sannan ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Na ce da godiya. Ta ce, "Ya uwar ƙawata?" Ƙawata take ce wa Rabi'atu. Na ce tana nan. Ta yi addu'a mai tsawo, na shafa.

Na karanta mata lambobina. Ta saurara har na gama, ta ce, "Malam, ni ban san ɗari biyu ba. Ɗauko nawa ka ƙirga in ji."

Nata ne mai lamba ɗaya. Na bi layukan da yatsa na ce, "Takwas. Biyar sun rasu."

"To ni tara na haifa. Ina ka kai ɗayan?"

Na sake ƙirgawa. Takwas ne.

Ta karɓi faifan ta kifa shi a cinyarta, ta ɗora yatsa a bayan cibiyar, inda aka yanke silin. Ta ce, "Ga shi nan. Wace uwa ce za ta sa wa ɗan fari launi, ta baza shi a fuskar faifai kowa na gani? Shi ne cibiyar. Da shi aka fara. In yana raye sai a bar masa silinsa a baya. In ya koma, a yanke."

Ta ce ba wanda ya tsara haka. Ita ta yi a nata tun da daɗewa, sauran matan suka juya suka gani, kowace ta yi shiru ta bi. Ba su gaya wa Rabi'atu ba, don yarinya ce, kuma sun san ita ma 'yar fari ce. Ita ta kama su da kanta. Ta san babban ɗan wata mata, mai faci a tashar Wudil, ta duba faifan uwar ba ta ga layinsa ba. Ranar Larabar ƙarshe ta zo ta tsare Yelwa da tambaya har ta faɗa mata.

"Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce, Inna, kun kusa kayar da ni jarrabawa. Ta ce akwai ma wani faifan da za ta je ta juya a gida."

Ban tsaya kan wannan maganar ba a lokacin, don hankalina yana kan almakashi. Na zaro fayafayan nan uku, na gaya mata abin da na yi. Sun riga sun gauraya da sauran a buhu, amma na san lambobinsu.

Ta dube ni da idonta mai kyau ta ce, "Kai Malam. Ƙyanda ta bar su, gudawa ta bar su, kai ka zo da almakashi."

Ta duba kowanne ta faɗi mai shi ba tare da ta nemi lamba ba, daga yadda aka ja kabar kawai. Ta ce 'ya'yan farin duka ukun suna nan da ransu, ɗaya ma matarsa ta haihu da sallar da ta wuce. Ta zaɓo farar kaba, ta zura a basilla, ta mayar wa kowanne silinsa ta ɗaure. Ta ce, "Kada iyayen su ji."

A nan gindin mainar na sake lissafin a bayan ambulan. Haihuwa ta koma ɗari biyu da casa'in da huɗu. Waɗanda suka rasu suka koma ɗari da talatin. A cikin sauran yaran, kusan biyu cikin biyar ne suka rasu. A cikin 'ya'yan fari, ashirin da shida daga arba'in da uku, wato uku cikin biyar. Wannan ne abin da Rabi'atu ta ɗauka zuwa Kano, kuma shi ne na tsallake sau uku ina ganin na ƙware.

Na tambayi Yelwa me ya sa na fari suka fi tafiya. Ta ci gaba da tsaga kabarta. Ta ce, "Yarinya ce da haihuwar fari. Jikin ɗa ya yi zafi a bayanta. Ta gaya wa wa? Uwar miji? A ce ba ta da ta ido, ta damu da ɗanta. Sai ta yi shiru ta jira wani ya lura." Ta ajiye kabar. "Nawa kwana uku ya yi. Ina daka, ina jin zafinsa a gadon bayana kamar an ɗora mini garwashi. Ina ta zagaya gaban uwar Sabo ko za ta ce kawo shi in gani. Ran na uku ta ce. Da aka kwance goyon ya riga ya tafi."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Ba ta faɗi sunansa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na koma sau biyu kafin ƙarshen Yuni, tana tuna mini abin da matan suka faɗa game da cututtukan, ina rubutawa. Babi na huɗu da hannuna na rubuta shi, na kuma bayyana haka a shafin farko, tare da sunan Yelwa da aikin da ta yi. Dokta Halliru ya gaya mini cewa a zaman kwamitin wani malami ya tambaya ko murfin tuwo hujja ce a ilimi. Shi kuma ya kife fayafayan arba'in da uku a kan teburin, ya ce kowa ya ƙirga da kansa. Aka ƙirga. An karɓi kundin a watan Yuli, aka rubuta sunanta.

Na je na gaya wa Yelwa, wannan ne zamanmu na huɗu. Ta ce, "Madalla. Ƙawata ta ci jarrabawa. To asibitin fa?" Na ce an aika wa hukuma kwafi. Ta ce, "To." Ta rayu shekara uku bayan haka, idon na biyu ma ya rufe, tana saƙa da lalube, farar kaba zalla tunda ba ta ganin launi. Har ta rasu ba a kawo asibitin ba. Faifanta yana jami'a cikin akwatin gilashi. An ajiye shi fuskarsa sama, na roƙa a juya shi, aka ce za a duba.

A ranar da na dawo daga zamanmu na farko ne maganar nan tata ta dawo mini, ta wanda za a je a juya a gida. Bayan la'asar Hafsatu ta aiko mini da abinci zaure, a rufe da faifan da ta saƙa da hannunta, wanda aka saba rufe mini tun cikin kaka. Wata bakwai ina ɗaga shi ina ajiyewa gefe, ban taɓa dubansa ba. Ja biyu, kore biyu, da rabin kore guda da aka rufe da baƙi: Ƙasimu, wanda muka rasa yana wata goma sha ɗaya. Cibiyar fara ce. Na kifa shi. Silin yana nan, tsawon ɗan yatsa.

Kwana tamanin da huɗu ke nan da binne Rabi'atu. Na mayar da faifan yadda yake, na ci abin da zan iya ci, aka zo aka ɗauke kwanon.

Na yi tunanin sa shi a jadawali ya zama na arba'in da huɗu. Don a sa shi, sai an tambayi mai shi, kuma sai an yanke silin kafin lissafin ya zama gaskiya. Ban tambaye ta ba. Kundin da ke jami'a arba'in da uku ya ce. Da wannan faifan aka rufe mini abincin rana yau, gefensa ya fara zarewa, kuma da na juya shi ba a yanke ba.